Wai har yanzu ba ki karanta shi ba?

Ranar sunan jikar yayarmu muna ɗakin mai jego ana ƙulla cincin da dubulan a leda, mata wajen shida sun kaure da musu a kan wani mutum, wata na cewa wallahi sai ya sake ta, wata na cewa ai ba zai iya ba don ita ce ta riƙe masa sirrin mahaifiyarsa, wata har da rantsuwa tana dukan cinya. Ni ina gefe ina ta ƙullin leda ina kasa kunne, can dai na gaji na ce wai ni mijin wace ce wannan a dangi da ban san shi ba? Dariyar da aka yi min ranar har mai jego sai da ta riƙe ciki. Ashe gwarzon wani littafi ne da ake yayi a waya. Ƙanwata ta dube ni kamar na ce ban san hanyar gidanmu ba, ta ce haba Yaya, wai har yanzu ba ki karanta shi ba? Ke da ake cewa ke ce makaranciyar gidan nan?

Maganar ta ɗan sosa min rai ba zan ɓoye ba. A daren na tura ɗari biyar ta asusun da ta ba ni, na tura shaidar biya, aka jefa ni guruf. Na karanta fej talatin da wani abu. Attajirin saurayi mai ji da kansa wanda ba ya dariya, yarinya marainiya mai kyau kamar ita ta yi kanta, kishiyar uwa, motoci jere a harabar gida, kusan rabin fej ana bayanin kayan da ta saka da turaren da ta fesa. Ban ce ba a iya rubutu ba, marubuciyar ta san inda za ta yanke labari ta bar ki da ƙishi, wannan baiwa ce kuma ba kowa ke da ita ba. Amma ni dai kullum na buɗe sai in ji kamar aikin gida aka ba ni. A sati na biyu na fita daga guruf ɗin a hankali cikin dare kamar ɓarauniya.

Abin da ya tsaya min a rai tun lokacin shi ne, me ya sa na biya kuɗi na zauna karatun abin da tun fej na uku na san ba nawa ba ne? Amsar da na samu ba ta da daɗi, ba littafin nake so ba, wurin zama nake nema a cikin hirar ɗakin nan. Kuma ina ganin yawancin masu matsa wa mutum ya karanta abin da ake yayi ba wai ƙaunar littafin ce ta kai su ba, abokin hira suke nema, suna son wanda za su ce wa "kin ga abin da ya yi mata jiya?" ya gane. Ba laifi ba ne, haka ɗan Adam yake, ko wasan ƙwallo haka maza ke yi da shi a majalisa. Inda gizo ke saƙa shi ne da ake haɗa wannan da maganar inganci, a ce tunda kowa na karanta shi to lallai shi ne ya fi, wanda bai karanta ba kuma ko dai baƙauye ne ko mai girman kai.

Tashen littafi yana da injin da ke tuƙa shi, kuma a adabin Hausa injin nan ya sha canja kama. Mu koma baya kaɗan. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, daga cikinta aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Bayan 'yan shekaru aka sa Imam ya rubuta Magana Jari Ce, kuma tun farko don makarantu aka yi shi. To kun ga wanda ya shiga firamare a Arewa a wancan zamanin da bayansa ba a tambaye shi ko yana so ba, littafin yana cikin jakarsa. Ba ina rage wa Imam daraja ba ne, Allah ya kiyaye, Hausar mutumin nan har gobe ana zuwa ɗiba. Abin da nake nufi shi ne shaharar da ya yi hannu biyu ne suka ɗaga ta, alƙalaminsa da kuma hukumar da ta raba shi aji-aji. Akwai littattafan da suka fito daga Kamfanin Gaskiya da NNPC, wato kamfanin buga littattafai na Arewa, waɗanda ba su samu shiga manhaja yadda ya kamata ba, yau sai ki tambayi mutum goma ba wanda ya taɓa jin sunansu, kuma ba don ba su da daɗi ba.

Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu, musamman a Kano. Nan injin ya koma hannun 'yan kasuwa. Littafi ƙarami mai siririn bango, a raba shi na ɗaya na biyu na uku, wani har na huɗu, a manna hoton kyakkyawar mace a gaba. Ɗan kasuwar da ke sarar littafi shi ya san abin da ke tafiya, in soyayya ce ke ci to ita zai ce a kawo masa, marubucin da ya zo da wani abu daban sai ya yi ta yawo da kayansa. Ga kuma masu ba da haya a unguwanni, ki ba da 'yan kuɗi kaɗan ki ɗauka ki dawo da shi gobe, littafi ɗaya ya zaga gida ashirin har bangonsa ya koma kamar tsumma. Ni na tashi a wannan zamanin, na san daɗin ɓoye littafi a cikin littafin lissafi, na kuma san zafin a ba ki na ɗaya da na biyu a ce na uku yana hannun wata da ta tafi hutu Gusau. Sai gidajen rediyo suka shigo da shirin karanta littafi, duk wanda aka karanta a iska washegari an neme shi a kasuwa.

Yanzu kuwa injin yana cikin tafin hannunmu. Marubuciya za ta saki fej goma ko ashirin kyauta a WhatsApp ko Wattpad ko Facebook, daidai inda labari ya ɗau zafi sai a ce daga nan littafin kuɗi ne, ga lambar asusu, wadda ta fitar min da shi waje ban yafe ba. Ƙungiyoyin marubuta suna tallata wa junansu, a saman kowane fej akwai jerin gaisuwa da jinjina, a ƙasa akwai tallan turaren wuta ko kayan gyaran jiki. Masu karantawa a YouTube su ɗauka su mai da shi sauti don masu aikin gida da waɗanda karatun boko bai zauna musu ba. Duk wannan ba abin zargi ba ne, mutane ne ke neman halalinsu, kuma mata da yawa da ba za su taɓa samun mai buga musu littafi ba yanzu suna ci da kansu daga alƙalaminsu, wannan ni abin farin ciki ne a wurina. Amma ki lura da abin da tsarin ke yi wa labarin kansa. Ana rubutawa ne ana sakewa kullum ko bayan kwana biyu, masu karatu suna kwament nan take, in suka ce ba su yarda a kashe wane ba sai a fasa, in suka ce a ƙara wa kishiya azaba sai a ƙara. Labarin da aka tsara zai ƙare a fej hamsin sai ya kai ɗari da ashirin don guruf bai gaji ba. A ƙarshe abin da ya fito ba na mutum ɗaya ba ne, na taron jama'a ne, shi ya sa yake shiga ran jama'a da sauri, shi ya sa kuma da yawansu suke kama da juna kamar ƙosan mai suya ɗaya. In kika karanta shi bayan wata shida ke kaɗai, babu guruf babu musu babu jiran abdet, sai ki ji rabin daɗin ya tafi, don dama rabin daɗin ba a cikin rubutun yake ba.

Ni kuwa abin da nake nema a littafi shi ne in ji muryar mutum ɗaya. A nan maganar marubucin da mutum ya fi so ta shigo. Ni tawa Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ce, kuma na san wasu za su ce to ai ita ma shahararriya ce, ina zuwa kan wannan. Na fara karanta Alhaki Kuykuyo Ne ina 'yar sakandare, kwafin gwaggona ne, shafin farko ya yage an liƙe bayan da salatif. Labarin Rabi, matar da mijinta ya auro wata ya kore ta da tarin 'ya'ya, ta kama sayar da abinci ta riƙe gidanta. A lokacin abin da ya dame ni kawai shi ne in ga ƙarshen mijin. Na sake karanta shi bayan na yi aure, sai na ga ashe littafin lissafi ne, kuɗin cefane nawa aka bayar, baki nawa za su ci, wa zai biya kuɗin makaranta, yadda mace ke juya kwabo ya zama abincin rana. Na sake komawa bayan rasuwar gwaggon tawa, wannan karon dangin na gani, wa ya tsaya wa ya zame, wa ya zo da baki kawai. Littafi ɗaya, karatu uku, kuma kowane karo kamar an canja shi alhali ni ce na canja. Ba ta yi wa jarumarta kwalliyar ƙarya, ba ta kawo wani yarima daga sama ya share mata hawaye, Hausarta irin ta tsakar gida ce wadda in kina karantawa kina jin ƙarar murfin tukunya. Mace ce da aka cire daga makaranta aka yi mata aure tun tana ƙarama, kuma kina jin wannan a ƙarƙashin kowane layi ko da ba ta faɗa ba.

Son marubuci irin wannan kamar samun tela ne da ya san jikinki. Ba wai ya fi duk telolin gari ba ne, a'a, shi dai in ya yanka ya zauna miki. Kin san inda yake kuskure, kin san wani lokaci zai ɓata miki rai, akwai littattafanta da ban so ƙarshensu ba ko kaɗan har na yi kwana biyu ina mita, amma ko mitar ma irin wadda ake yi da na gida ce. Kuma wannan sabo ba ya samuwa da gaggawa, sai kin karanta mutum a littafi uku huɗu, kin bar shi kin dawo, kin gane abin da yake yawan komawa kai da abin da yake gudu. Wanda kullum yake bin abin da ake yayi ba ya samun wannan sararin, kafin ya gama narkar da ɗaya an ce ga sabo ya fito kowa ya koma can.

To amma bari in kama kaina kafin a kama ni. Wannan littafin da nake ta yabo, a zamaninsa shi ne abin yayin. A 1990 ya fito, a tsakiyar guguwar nan ta littattafan soyayya, ita kanta marubuciyar tana cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino, kuma manyan malaman jami'a da yawa a lokacin kallon banza suke yi wa duk harkar. Sunan da Ibrahim Malumfashi ya raɗa musu, Adabin Kasuwar Kano, ba yabo ba ne a farkonsa, an yi ta tafka muhawara a jaridu ana cewa wannan ba adabi ba ne, yayi ne zai wuce, wasu irin su Abdalla Uba Adamu suna kare su. Iyaye suna ƙwacewa, malamai suna wa'azi a kai, har a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Kano ta ƙona tarin littattafan Hausa a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Sai ga shi a 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya fitar da fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, yau ɗalibai suna rubuta digiri a kansa. Kenan in na tsaya ina hura hanci ina cewa ni ba na karanta na waya sai na takarda, na zama daidai da waɗanda suka raina gwanata shekara talatin da suka wuce. Ina da yaƙinin a cikin dubban littattafan da ake taifin ɗinsu da babban yatsa a yanzu akwai waɗanda jikokinmu za su yi jarrabawa a kansu. Wane ne daga ciki, yawan 'yan guruf ba zai gaya mana ba, kamar yadda yawan haya bai nuna wanda zai rayu ba a wancan lokacin, da yawa waɗanda aka yi rububinsu a 1995 yau ko sunansu an manta.

Shi ya sa nake ganin matsin lambar kala biyu ce kuma duk uwarsu ɗaya. Akwai ta ƙanwata, ki karanta don kowa na karantawa. Akwai kuma ta 'yan boko, wadda ta fi iya sa mutum jin kunya, ki karanta don masu ilimi sun ce shi ne littafi. Wani abokin aikina duk wata sai ya ɗora hoton littafin Turanci a status, irin na yadda za ka yi arziki ko yadda za ka gyara ɗabi'unka, an ajiye shi kusa da kofin shayi da tabarau, in kun haɗu ya ce Hajiya kin karanta kuwa? Wallahi zai canja miki rayuwa. Na ari ɗaya na gwada, abin da za a faɗa a shafi biyar aka ja shi ɗari biyu, kuma misalan duk na mutanen da ba su taɓa sanin an ɗauke wuta ana tsakiyar guga ba. Da na mayar masa na lura takardar da ya sa alama tana shafi na ashirin da wani abu, inda take tun ranar da ya ba ni. Ban ce komai ba, shi ma bai tambaya ba.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne tsadar karatu ba kuɗin littafi ba ne, lokaci ne. Mace mai aiki da yara, in ta samu minti arba'in bayan isha'i kafin barci ya sace ta to ta gode Allah. A wannan ɗan tsakanin, in na ba wa littafin da ba na so wata guda don kawai kar a bar ni a baya a hira, to na hana kaina wani da zai zauna min a rai shekara goma. Da ina budurwa ina ganin dole ne duk abin da na fara in ƙarasa, kamar wani alkawari na ɗauka, yanzu kam in na kai fej talatin ban ji komai ba sai in rufe, marubucin bai san ina yi ba balle ya ji haushi.

Kuma fa riƙe gwani ɗaya shi ma yana da nasa ciwon, na gani a kaina. Akwai shekarun da duk abin da aka miƙo min sai in auna shi da ma'aunin Hajiya Balaraba, in bai yi kama da nata ba in ture, a haka na kusa rasa Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982 daga wata gasar rubutu, don kawai an ce min labarin bindiga ne da ta'addanci ba na gida ba. Wani kawuna ne ya dage, tsohon malamin firamare da bai cika yabon abu ba, ya ce ke dai karanta ki zo mu yi magana. Na karanta a kwana uku ina tsorata ina ci gaba. Bambancin dagewarsa da ta ɗakin mai jego shi ne shi ya san ni, ya san abin da na karanta a baya da abin da ke sa ni tsayawa, ba cewa ya yi kowa ya karanta ba, cewa ya yi ke za ki so shi. Irin wannan shawarar nake karɓa hannu bibbiyu ko daga wa ta fito, ko da littafin na waya ne da aka gama taifin ɗinsa jiya.

Abin da nake yi yanzu mai sauƙi ne, in aka cika ni da zancen wani littafi sai in rubuta sunansa a bayan wani tsohon kalanda da ke rataye a kicin, in bar shi nan. In bayan wata shida ko shekara na ji har yanzu wani na ambatonsa ba tare da an tambaye shi ba, ko na ji wata ta ce ta sake komawa ta karanta, sai in nema. Sunaye goma sha ɗaya ne a kalandar yanzu, biyu na karanta, ɗaya daga ciki ya hana ni barci har asuba kuma na nemi sauran littattafan marubuciyar duka, ɗayan na bar shi a rabi.

Wancan na ranar suna yana nan a layi na huɗu ban goge ba. Kwanaki ƙanwata ta zo gidana tana taya ni gyaran wake, na nuna mata sunan na ce to ya aka ƙare, ya sake ta ko bai sake ta ba? Ta tsaya da tire a hannu ta ɗan yi shiru tana tunani, ta ce wallahi Yaya na manta, kamar dai ya sake ta ya dawo da ita, ko kuwa a ɗayan ne aka yi haka. Sai ta zaro waya ta ce amma akwai wani sabo da aka fara satin nan, wannan kam ko ke sai kin so shi, bari in tura miki fej ɗin farko kyauta ne.